Likkafanin Malam Isyaku

Na san abin da kuke faɗa idan kun taru a gidan 'yar'uwarku Hadiza ranar sallah, bayan na tashi na tafi. Kuna cewa Baba ya tashi wata safiya da taurin kansa ya zare wayoyin kwamfutar shago, ya rusa aikin da Abba ya shekara yana ginawa, ya kore shi ba dalili. An ce autarku har kwaikwayona take yi, ta ɗaure fuska ta ce, "A cire min wannan shaiɗan," ku yi ta dariya. Ban taɓa musa muku ba, don an ɗaure min baki. Wanda ya ɗaure shi ya daɗe a ƙasa, 'yarsa kuma ta zo har falona ta ce in faɗa. To ga shi na rubuta, ku zauna ku ji, musamman kai Abba, don kai ka fi kowa haƙƙin ji, kuma kai na fi jin haushi.

Kun san Malam Isyaku mai lemo, amma a tsufansa kuka san shi. Tare muka baro Zariya a bayan motar albasa, lokacin Abuja duk jar ƙasa ce da katafila. Ɗaki ɗaya muka kama a Zuba, tabarma ɗaya, buta ɗaya. Shi ya tsaya kan lemo da kankana, ni na bi yadi har Allah ya ba ni shago a cikin gari. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya zo da ledar lemo, ya zauna kan bencin ƙofa, ya sha shayina ya kushe shi, ya ce mutumin da ya yi kuɗi kamar ni bai kamata yana rowar sukari ba. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Saratu. Shi ya yi mata uba ya yi mata uwa, da kuɗin lemo ya kai ta har ta zama nas a asibiti. A shekarar da nake ba ku labari, ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje kyauta, bayan ta nema sau uku ana hana ta. Isyaku sai da ya gaya wa duk wanda ya taɓa sayen lemo a hannunsa, har da direbobin tirela da ba su tambaye shi ba.

Akwai wani tsari a shagona da ku ƙanana ba ku riska ba. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi, amma a can saman kanta ina ajiye likkafani. Da hannuna nake yanka shi, na maza ƙyalle uku, na mata biyar, in naɗe a takarda ruwan ƙasa in ɗaure. Na maza da farin zare, na mata da baƙi, ba rubutu ko ɗaya a jiki. Mai so ba ya kiran sunansa. Cewa yake, "A ba ni na sama," ya ajiye kuɗi. Ba a ciniki, ba a ba da risit, kuma ba a tambayar wa ya rasu. In ya faɗa da kansa mu yi addu'a, in bai faɗa ba mu kau da ido kamar muna gyara kaya. Haka maigidan da na koyi sana'ar yadi a wurinsa ya koya min, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: da yawa daga masu sayen nan na kansu suke saya. Tsoho ya ji jikinsa, ko tsohuwa ta dawo daga asibiti da magana a ciki, ba sa so 'ya'ya su sani tukuna. Abin da suke saya a wurina ke nan tare da yadin, wato in yi shiru.

Sai Abba ya gama karatun kasuwanci ya dawo shago da kwamfuta da wani ɗan inji mai jan haske. Ya ce duniya ta wuce mu. Duk wanda ya sayi ko da yadi ɗaya ne sai ya ba da suna, da lambar waya, da unguwa, mata har da ranar haihuwa. Risit ya daina fita a takarda, ta waya yake zuwa. Mahaifiyarku ce ta fara magana, tana tankaɗen gari a tsakar gida.

"Ni dai ban gane ba. Mace ta zo sayen zane, me ya kawo ranar da uwarta ta haife ta?"

"Umma, data ke nan," in ji Abba. "Wanda ya san kwastoma shi ke riƙe kwastoma."

Na yi dariya na goyi bayansa. Ba zan ɓoye nawa laifin ba, kasuwa ta buɗe. Mata suna samun saƙo cewa sabon leshi ya iso kalar da suka saya bara, sai ga su da ƙawayensu. Har a masallaci na yi alfahari da ɗana. Abu ɗaya na ce masa, ya bar na sama yadda suke. Ya ce to. Bayan 'yan makonni na ɗaga kai na ga ƙananan takardu masu zane-zane manne a jikin kowane ƙunshi. Na tambaya, ya ce sistam ba ya gane kayan da ba su da suna. Ana gab da sallah, shago cike, na ce zan yi maganar daga baya. Ban yi ba, kuma har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar wata Talata da hantsi Isyaku ya shigo. Talata fa, ba Juma'a ba, kuma hannunsa ba leda. Abba ya fita banki. Na sa a kawo shayi, ya ɗaga hannu ya ce a bari. Na dube shi sosai a karon farko cikin watanni, na ga rigar ta yi masa yawa, idon nan ya yi ruwan ɗorawa. Ya zaro waya daga aljihu, irin ta mata mai jan murfi, ya miƙo min.

"Ta Saratu ce. Ka san bokona ba nisa. Karanta min da bakinka, Mamman, ina so in ji yadda yake fita daga bakinka."

Sunan shagona ne a sama. Saƙon ya ce: Mun gode, Malam Isyaku. Kun sayi likkafani, na namiji, guda ɗaya. Sai kun sake dawowa. A ƙasansa akwai na biyu, wanda ya zo bayan mako guda: Kun ji daɗin abin da kuka saya? Ku ba mu tauraro ɗaya zuwa biyar.

Na karanta na farkon a fili. Na biyun ban karanta masa ba.

"Hanta ce," ya ce. "Likita ya ce da wuya in ga wata shekarar. Na auna lokacin da kake sallar azahar na zo, don kada ka gani ka tambaye ni da ido. Ban je wani shago ba, na ce tufata ta ƙarshe almakashinka zai yanka ta. Na ce a ba ni na sama. Yaron ya ce sai lamba. Na ce ba na bukata. Ya ce, Baba Isyaku, injin ba ya rufe ciniki sai da lamba. Ina tsaye da likkafanina a hammata, mata uku a bayana suna jira, in tsaya musu da ɗan abokina? Ni ban san tawa ba, wa yake kiran kansa? Wadda na haddace a duniya ita ce ta Saratu."

Da saƙon farko ya shiga, ta tambaye shi wa ya rasu. Ya ce na masallaci ne, sadaka. Amma nas ce, kuma ta daɗe tana kallon idon nan. Da na biyu ya shigo yana kasuwa, sai ta buɗe akwatinsa. Ta samu ƙunshin a ƙasan kaya, takardun asibiti a ƙarƙashinsa. A lokacin saura kwana ashirin jirginta ya tashi. A ranar ta rubuta wa makarantar cewa ba za ta zo ba. Ya roƙe ta, ya yi mata faɗa, har ya ce bai yafe ba in ta zauna. Ta ce ya tsine mata in ya ga dama, ba inda za ta.

"Kwana ashirin kawai nake nema, Mamman. Ta tafi, ta zauna daram, in ta ji ta ji a can. Shi ne abu ɗaya da ya rage in yi mata. Shekara arba'in ina ajiye sirrina a wurinka, ban san ka ɗauki sanƙira a shago ba."

Na ba shi haƙuri, na kuma ji kunyar kalmar tun kafin ta gama fita. Da ya miƙe zai tafi ya kama hannun rigata.

"Abu biyu. Kada Zuba ta ji, ba na so a fara zuwa min da fuskar ta'aziyya ina raye. Kuma kada ka gaya wa yaron. Bai sani ba, kada ka ɗora masa wannan."

Na yi alkawari. Shi ne ɗaurin bakin da na ce muku.

Da Abba ya dawo na ce ya zauna ya share min komai, duk suna da duk lamba, a gabana. Ya dube ni kamar na taɓu. Ya ce dubban mutane ne, aikin shekara ne, me ya faru? Na ce ba abin da ya faru, na dai ce a share. Sai ya faɗi maganar da ta ƙarasa ni.

"Baba, ai ko na so ba zan iya ba. Ba a kwamfutar nan suke ba. Suna wurin kamfanin da suka sa mana sistam."

Wato matan da suka yarda da ni tun suna amare, da tsofaffin da suka rage murya suka ce a ba su na sama, duk na kwashe su na miƙa wa mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Washegari na sa babbar riga na nemi ofishin. Hawa na uku ne a wani bene, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Wata mata mai gilashi ta saurare ni da ladabi, da 'yar Hausarta ta Abuja.

"Oga, ba za mu iya share shi haka ba. Kai ne ya sa hannu. Ga shi nan, shafi na shida, ka yarda mu raba shi da patnas namu."

Ta juyo min takardar. Sa hannuna ne, ba na Abba ba. Na tuna ranar, ina auna shadda da hannu ɗaya na sa shi da ɗayan, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na tambaye ta su waye patnas ɗin, wato abokan hulɗar tasu. Ta ce ba ta da izinin faɗa, sirrin kamfani ne. Sirri! Su suna da sirri, Isyaku ne ba shi da shi. Ta ba ni fom in cike, ta ce za a duba. Na cike, kuma har gobe ana dubawa.

Daga can shago na wuce. Na zare wayoyin da hannuna, na ɗauki kwamfutar da injin mai jan haske na sa a kwali, na hau tsani na ɓare takardun nan daga jikin kowane ƙunshi. E, na ce a cire min wannan shaiɗan, auta ba ta yi ƙarya ba. Da la'asar a gida aka yi ta ta ƙare. Abba yana tsaye, mahaifiyarku tana tsakaninmu.

"Ka gaya min laifina ɗaya, Baba. Ɗaya kawai. Na ci kuɗinka? Na rage maka ciniki?"

"Shagona ne. Ba a tambayar kowa lamba a shagona daga yau."

"Alhaji, ka yi wa yaron nan bayani mana," in ji mahaifiyarku. "Ko bawa aka hana abu ana gaya masa dalili."

Dalilin yana bakina, yana ƙona ni. Kalma goma za ta wadatar. Na dubi fuskarka, Abba, na ga yadda kake da tabbacin kai ne mai gaskiya, na tuna mutum tsaye da likkafaninsa a hammata kana ce masa inji ba ya rufe ciniki. Wallahi na so in jefe ka da maganar. Amma na yi alkawari, sai na haɗiye ta, fushin ya fito ta wata hanya. Na ce karatunka bai koya maka mutunci ba. Ka ce in kwamfuta ta fita kai ma ka fita. Na ce ƙofa a buɗe take. Mahaifiyarku ta yi sati ba ta yi min magana ba sai gaisuwa.

Isyaku ya yi wata bakwai. Bai sake zama kan bencina ba. Ni nake zuwa Zuba, in tarar da Saratu tana juya shi, tana ba shi koko da cokali, shi kuma ya juya fuska bango. Ba ciwon ne ya fi cin sa ba, ganin ta a ɗakin ne. Wata rana ta fita ɗebo ruwa, ya ce min da yanzu ta yi rabin shekara a can. Ranar da ya cika ni na yi masa wanka. Da aka kawo ƙunshin na gane ɗaurina, na gane bakin almakashina, takardar nan mai zane-zane kuma tana nan manne a gefe. Na ɓare ta na sa a aljihu. Kai ma ka zo jana'izar, Abba, ka tsaya a sahun baya, ka yi min gaisuwa kamar maƙwabci.

Makarantar ba ta sake buɗe wa Saratu ƙofa ba, an ba wani gurbin. Tana nan a asibitin da take, tana aikinta, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Amma da sallar da ta biyo bayan rasuwar ta nuna min wayarta. Wani shagon takalma ne da Isyaku bai taɓa taka ƙofarsa ba: Barka da sallah, Malam Isyaku, sababbin kaya sun iso. Daga baya masu maganin gargajiya, daga baya masu sayar da fili. Mutum yana kabari sunansa yana yawo kasuwa-kasuwa, kuma daga shagona ya tashi. Ta ce har yanzu sukan zo jefi-jefi. Na ce ta canza layi. Ta ce ba za ta iya ba, ita ce lambar da babanta ya haddace.

Za ku ce to bayan ya rasu me ya hana ni magana. Na gaya wa kaina alkawari ne, bai ce in ya mutu in faɗa ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan duka ba. Girman kai ma yana ciki. Abba ya buɗe nasa shagon a Lugbe, ya zama biyu, ya zama uku, da kwamfutocinsa da saƙonninsa, nawa kuma yana ta raguwa don mata sun koma inda ake tuna ranar haihuwarsu. In je in yi bayani a lokacin, sai ya zama kamar tsohon da kasuwa ta kayar yana neman uzuri. Na zaɓi in yi shiru in ci gaba da fushi. Shekara goma sha ɗaya ɗana na fari yana zuwa gidana da sallah ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. 'Ya'yansa suna jin tsorona. Mahaifiyarku ta rasu ba ta san dalili ba, kuma wannan ba zan iya gyara shi ba.

Kada ku ɗauka na huce. Ban yi nadamar zare wayoyin nan ba, ko yau aka dawo da ni zan sake. Duk inda ka shiga yanzu a garin nan, ko sabulu za ka saya, sai an ce lamba. In ka ƙi a dube ka kamar ɓarawo. Sun ce don su kyautata maka ne. Wa ya roƙe su? Mutum yana da abin da yake saya don a gani, yana da abin da yake saya ya sa a ƙasan akwati, kuma mai shagon da bai san bambancin ba bai iya kasuwa ba, ko da ya cika Lugbe da shaguna. Abba, ban ce ka kashe Isyaku ba, kwanansa ne ya ƙare. Ba ka sani ba, kuma ni na sa hannu. Amma dattijo ya ce maka ba ya so, ka bi maganar inji ka bar tasa. Wannan naka ne, kuma gara ka ji shi daga bakina.

Saura abu ɗaya. Watan jiya na shiga mota ni kaɗai na tafi can wajen Bwari, inda ba wanda ya san ni, don hannuna yanzu yana rawa, ba na iya yanka madaidaici. Na shiga wani babban shagon yadi na ce a ba ni likkafani na namiji. Matar da ke kan kwamfuta ta ɗauko, ta haska shi, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Baba, lambar waya?"

Na buɗe baki. Sai da na faɗi lamba huɗu kafin na ji abin da nake faɗa. Ba tawa ba ce, ni ma ban san tawa ba. Taka ce, Abba. Na tsaya riƙe da bakin kantar, na ga Isyaku a tsaye daidai inda nake. Na ce mata ba ni da waya. Ta ce to sistam ba zai karɓa ba. Na ajiye mata kayanta na fito. A bayan tasha na samu wani tsoho mai tebur ɗaya, ya auna ya yanka ya naɗe, bai ko dubi fuskata ba.

Yana cikin akwatin ƙarfen mahaifiyarku, ɗaure da farin zare. Ga shi na gaya muku da kaina, a ranar da na zaɓa, abin da aka hana Isyaku ke nan. Abin da likita ya ce kuma nawa ne, kada wanda ya je yana bincike, zan faɗa in na ga dama.

Abba, shekara goma sha ɗaya lambarka tana kaina ban kira ta ba. In ka gama karanta wannan, kai ka kira tawa. Kana da ita, ai da hannunka ka shigar da ita sistam.